Sandar Bali da karan Dogarawa: wa zai yi wa garinmu kwalliya?

 Yau maganar kwalliyar gari za mu yi. Mun san wasu za su ce cikin wannan tsadar rayuwa wa ke ta kwalliya. Ku dai ba mu aron hankalinku zuwa ƙarshe, sannan kowa ya yanke hukunci.

Kowa ya san yadda muke yi idan babban baƙo zai zo, gwamna ne ko prefe, ko kuma an tashi wani buki na gari. A yi hayar bash da kujerun roba da sono, a aiki yaro kasuwa ya sayo balan-balan da ƴan tutocin leda masu launi, a ja igiya daga wannan icce zuwa wancan a rataya. Baƙo na juya baya, iska ta kama nata aiki. Bayan kwana biyu ledar na bisa ƙaya, ko cikin gona, ko cikin tumbin akuyar wani. Kuɗin sun koma can inda anka ƙera ledar. Ba ɗan garin da ya koyi komi, ba kuma abin da ya saura da za a nuna wa yaro a ce mishi ga aikin ubanka. Ka je Madawa, ka je Dogon Dutsi, kwalliyar duk iri guda ce, ba ka iya cewa wannan ta mutanen wuri kaza ce. A ganinmu wannan asara ce, alhali muna da abin da ya fi ta jibge a bayan gida. Kafin mu zo gare shi, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa mu ga yadda nasu suke yi.

Bali tsibiri ne cikin ƙasar Indunisiya, can gabashin duniya. Indunisiya ƙasa ce ta Musulmi, sun haura miliyan 200, amma mutanen Bali, su sama da miliyan 4, mafi yawansu addinin Hindu suke bi. Suna da wani babban buki da suke kira Galungan, wanda ke zagayowa duk bayan kwana 210 bisa lissafin kalandarsu, kuma kullum ranar Laraba yake faɗawa. Ranar Talata, jajibirin bukin ke nan, kowane gida zai kafa doguwar sandar gora a bakin ƙofa. Sunanta penjor. Tsawonta kan kai mita 10, kuma ba a datse kanta, barin shi ake yi ya lanƙwaso bisa hanya kamar wuyan raƙumi. Idan ka tsaya bakin titi, sai ka ga sanduna sun yi layi hagu da dama, kawunansu sun sunkuyo, hanya ta koma kamar doguwar rumfa.

Abin da ake yi wa sandar ado da shi ne ya fi jan hankalinmu. Ɗanyen ganyen kwakwa ake yankawa a saƙa, a naɗe gorar da shi tun daga gindi. Suna amfani kuma da ganyen wani icce da suke kira lontar, wanda ɗan uwan giginyarmu ne, ko a hoto ka gan shi giginya za ka ce. Sai a ɗaura zangarniyar shinkafa, masara, kwakwa, dankali, ƴan soye-soyen gida, da ƙyalle fari da rawaya. Can a kan da ya sunkuyo a rataya wata saƙa mai tuntu da ke lilo cikin iska. Wato abin da gona ta bayar shi ake ɗagawa sama kowa ya gani. A wurinsu sandar na tuna musu da dutsen Agung, dutse mafi tsawo a tsibirin, wanda ya haura mita 3,000, kuma alama ce ta godiya bisa amfanin gona. Tana nan tsaye har kwana 35 bayan bukin, sannan a sauke ta.

Su da kansu sun raba abin gida biyu. Akwai sandar ibada, mai nata sharuɗɗa da ƙaramin wurin ajiye hadaya a gindinta. Akwai kuma sandar ado zalla, wadda ake kafawa wurin aure, ko tarbar baƙi, ko gasa. Lokacin da shugabannin ƙasashen G20 sunka taru a Bali cikin watan Nuwamba na 2022, da irin wannan sandar anka ƙawata hanyoyin da sunka bi. Ƙasar da ke harhaɗa motoci, har jirgin sama ta taɓa ƙerawa, da ta tashi tarbar manyan duniya, gora da ganye ta fitar. Mu yi tunani a kan wannan.

Gasar kuwa ta unguwanni ce. Kowace unguwa, banjar a harshensu, tana da ƙungiyar samari da ƴan mata, kamar dai fadojinmu amma da tsari da shugabanni. A garuruwa irin su Kerobokan da Kesiman, samarin kowace unguwa kan kwashe kwanaki suna aikin sandarsu da dare, tsofaffi na nuna musu yadda ake yanka da yadda ake naɗi. Ranar gasa a ɗauko ta a kafaɗa, mutum da yawa don nauyinta, a kafa, alƙalai su zagaya su ba da maki. Yaron da ya yi wannan aikin sau uku, sau huɗu, ya iya ke nan har abada. Ba lakkol ɗin da ta koya mishi, son kada unguwarsu ta ji kunya ne ya zaunar da shi gaban tsoho.

Kada mu ɗauka kuma komi nasu lafiya lau yake. Da kuɗi sunka shigo, mutane da yawa sun daina saƙawa da hannunsu, sai su je su sayo adon da anka riga anka haɗa. Har akwai wani gari, Kapal, da ya shahara da wannan ciniki. Buƙatar ganyen kwakwa ta fi ƙarfin tsibirin, har daga Jawa ake kawo musu shi. Wasu sunka shiga sa roba da farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi cikin kwali, don ya fi sauƙin sassaƙawa. Maƙwabci ya ga na maƙwabci ya fi nashi tsawo, shi ma ya ciwo bashi. Malamansu da dattawansu sun daɗe suna ƙorafi cewa abin godiya ya koma nuna arziki. A 2018 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya sa hannu bisa doka mai lamba 97 da ta hana ledar da ake amfani da ita sau ɗaya da wannan farin soson, kuma gasanni da dama yanzu sharaɗinsu shi ne a yi aiki da kayan da ƙasa ta tsiro. Mu ma fa muna da tamu dokar hana leda tun watan Nuwamba na 2014. Kowa ya dubi bakin gudron daga Tsarnawa zuwa Galmi ya faɗi inda ta kwana.

To, a nan wani zai ɗaga hannu ya ce: ku dakata, yanzu al'adar masu bautar gumaka kuke so ku kawo muna? A'a, Allah ya kiyaye. Mu Musulmi ne, godiyarmu bisa amfanin gona Allah ya riga ya tsara muna ita: zakka, dami ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda ya sha wahalar ban ruwa. Ba mu da hadayar da za mu ajiye gindin wata sanda. Amma saƙa ganye a yi wa hanya ado ba ibadar kowa ba ce. A tsibirin Jawa, maƙwabtan Bali, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, idan ana aure gora mai lanƙwasa da ɗanyen ganyen kwakwa ake kafawa bakin lungu don baƙi su gane gidan buki. Ranar ƙaramar Salla ma cikin ƴar saƙar wannan ganyen suke dafa shinkafarsu. Sun ɗauki aikin hannun, sun bar wa masu ibada ibadarsu. Duk da haka, a namu tsari limamai da malamai su ne farkon waɗanda za a zauna da su, kuma duk abin da sunka ce da shubuha a ciki a aje shi.

Gaskiyar magana ma, ba sai mun ari komi daga Bali ba. Madubi kawai sunka zame muna. Ku dubi Agadas lokacin Biyanu, cikin watan Muharram. Gari ya rabu biyu, ƴan gabas da ƴan yamma, kowane ɓangare da tambarinshi da adonshi. A je a kwana Alarsas, a bayan gari, da safe a shigo da tutoci bisa dogayen sanduna da ɗanyun rassan itatuwan bakin Telwa, dangin kaba da dabino, ana kaɗa su sama har gari ya yi kore. Kowa na so a ce ɓangarensu ya fi kyau, kuma wannan kishin ne ya riƙe bukin har yau. Ku dubi Damagaram da wasan kara, inda samari ke kwaikwayon manya, suna ƙera kayan wasansu da karan hatsi. Mu nan ma, wane ne cikinmu bai ƙera motar kara ba yana yaro, da tayoyinta da komi?

Ku zo kusa da gida kuma. A Yama, cikin yankin Badagishiri, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Daga 1975 ya sake mishi rufi, ya yi mishi ƙubba da hasumiya huɗu, kowace da irin nata fasali. Mutanen gari ne sunka yi tubali, sunka ɗebo ruwa, sunka kawo icce. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masana zanen gini na duniya ke nema. Daga ƙauyen Adar fa, ba daga Paris ba. Sannan ku dubi rumbunanmu na ƙasa masu ƙaton ciki, waɗanda duk baƙon da ya bi hanyar Tawa sai ya tsaya ya ɗauki hotonsu. Ku dubi rudun albasa a Galmi, kara ne da ciyawa kawai, amma iska na ratsa shi yadda albasa za ta yi watanni tana jiran farashi. Wanda ya iya ɗaura rudu da jinka, wace irin ƙofar maraba ce za ta gagare shi?

Damuwarmu ita ce masu wannan hannun suna ƙarewa. Ku ƙirga a unguwarku mutum nawa ne ƴan ƙasa da shekara 30 da za su iya saƙa zana mai kyau, ko su ɗaura jinka ruwa bai zuba ba, ko su tufka igiyar kaba. Ku ƙirga ƴan mata nawa ne za su iya faifai mai zane ko tabarma mai launi, su rina kabar da karan dafi kamar yadda kakanninsu ke yi. Ba laifin yaran ba ne. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, daidai lokacin da a da ake zama gindin icce ana saƙa ana hira. Waɗanda sunka saura kuma sun ga ba wanda ke yaba wa mai saƙar zana. Tabarmar roba ta kori ta kaba, kwano ya kori jinka. Ba mu ce a koma ɗakin ciyawa ba, kowa na son ci gaba. Amma sana'ar da ba a yaba mata a bainar jama'a, yaro ba zai ɓata lokacinshi a kanta ba, kuma ranar da tsohon ƙarshe ya kwanta dama, ba littafin da za a buɗe a same ta.

Mun kuma san abin da gasa ke iya yi, don mun gani da idonmu. Kokowa wasan ƙauye ce ta bayan girbi. Da anka mai da ita gasar ƙasa, karo na farko a nan Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, sai ga shi yau ba abin da ke tsai da Nijar cak irinta. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke share gari, tana gina azuzuwa, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tsakanin jihohi. Iyayenmu har yau suna ba da labari. Bukin 18 ga Disamba mai zagayawa ya kawo Maraɗi Kwalliya a 2015 da Tawa Sakola a 2017, an samu tituna da gine-gine, mun gode. Sai dai wannan kwalliya ce ta kuɗin gwamnati da manyan kamfanoni, kuma a babban birni ta tsaya. Wadda muke magana a kai ƙauye ne zai yi wa kanshi.

Ga shawararmu, kuma a buɗe take ga gyara. Sau ɗaya a shekara, da an gama ɗaurin dami, kafin samari su watse, komin ɗin Dogarawa ta shirya gasar ƙofar maraba. Kowane gari ko unguwa ko fada su kafa tasu a mashigar gari ko bakin kasuwa. Gora ba ta yawaita a ƙasarmu ba, amma muna da karan dawa mai tsawo, karan gero, gamba, kaba, zangarniya, ƙwarya da duma, furen albasa ma ado ne. Maza su yi ɗauri da saƙar zana, mata su kawo faifai da tabarma da rini. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suna nan kusan kowane gari, sun san tsari sun san riƙon asusu.

Sharuɗɗa kuwa tun farko za a kafa su, don kada mu faɗa ramin da Bali ta faɗa. Na ɗaya, ba leda, ba roba, ba fentin kanti. Na biyu, a yanke iyakar kuɗin da za a kashe, ƴan jikkuna kaɗan, yadda garin da ke da attajirai a waje ba zai danne ƙaramin ƙauye ba. Na uku, ba a sayo aikin wani gari, kuma kowace ƙungiya ta faɗi sunan tsoho ko tsohuwar da ta koya mata, a kira su gaban jama'a a ba su nasu tukuici. Na huɗu, ba siffar mutum ko dabba, ba kuma hoton ɗan siyasa ko tutar jam'iyya. Na biyar, ba a sare ɗanyen icce. Duk wanda ya san Gulbin Kaba a Mayahi, ko dajin giginya na Gaya, ya san irin wahalar da ake sha wajen kare waɗannan itatuwa. Duk ƙungiyar da ta shiga gasa, ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, ta shuka goriba ko giginya, kuma baɗi alƙalai su fara da duba ko sun rayu.

Saura babbar tambaya, wadda manomi zai yi, kuma yana da gaskiya. Kara yanzu kuɗi ne. Abincin bisashe ne da rani, wanda anka bari a gona kuma shi ke tare ƙasa kada iska ta kwashe. Shekarar da damina ba ta yi kyau ba, wa zai ba da karanshi a yi wasa? Amsarmu ita ce a nan za mu bambanta da Bali. Su suna sauke tasu su ƙona. Mu duk abin da za a sa a ƙofar ya zama mai amfani ne bayan gasa. Zanar ta tafi lakkol, ai kun san azuzuwan zana nawa ke gare mu da iyaye ke neman abin rufa su kowace shekara. Tabarmi su tafi masallaci ko gidan likita. Zangarniyar a ba mabuƙata. Faifai da malfa a yi gwanjonsu ranar kasuwa, kuɗin su shiga asusun ƙungiya. Ragowar karan ya koma wa dabbobi. Ba abin da ya salwanta ke nan, sai ma aikin gayya da anka saba yi a ɓoye ya fito fili a yaba. Shekarar da ta zo da yunwa kuwa, hakimai da mai gari su ne za su ce a ɗage, ba wanda zai yi gardama.

Wani kuma zai ce gasa tsakanin garuruwa faɗa take kawowa, mun ga yadda wasan ƙwallo ke ƙarewa wani lokaci. Haka ne. Shi ya sa alƙalai za su fito daga wata komin, a ɗauko gwanayen saƙa daga Illela ko Ƙonni su zo su duba na Dogarawa, mu ma namu su je can. A bayyana yadda ake ba da maki tun kafin a fara: ƙarfin ɗauri, tsabtar saƙa, sabon fasali, yawan yaran da sunka sa hannu. Kyautar ma kada ta zama kuɗin da za a yi rigimar rabo. Kup mai zagayawa ya isa, tare da abin da gari duka zai amfana, kamar amalanke ko injin ban ruwa, in an samu mai tallafawa cikin ƴan kasuwarmu na albasa ko ƴan uwa na waje. Batun tsaro ma bai hana ba, tunda kowa a garinshi zai yi aikinshi da rana tsaka, alƙalai ne kawai za su zagaya. Hotunan kuma a turo su a waya, na Abijan da na Tamanrasat su ga ƙofar garinsu.

Wannan ba ya buƙatar jiran Yamai ko wani proje daga waje. Magajin gari da mai martaba sarkin kanto su sa baki, masu gari su ba da wuri, gidajen rediyonmu su yi shela kyauta, mu dai a shirye muke da namu ɓangaren. Ko garuruwa biyar ne sunka fara bana, ya isa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku kuma ƴan fada, shayin nan da ake dafawa tun la'asar har dare, a kai shi gidan tsohon da ya iya saƙa a sha a can, a ɗauko wuƙa da kaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna jiran ra'ayoyinku. Ku faɗa muna garinku, da irin saƙa ko ɗaurin da anka san ku da shi, da ko har yanzu akwai masu yi. Wanda bai yarda da mu ba ma ya faɗi dalilinshi, za mu karanta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da matafiyanmu gida cikin alheri. Amin.